Hannun da Inna Ta Ƙi Ɗorawa

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Filasta ta yi a ɗakin ɗorin ƙashi na asibitinmu, ni kuma na yi sha ɗaya ina miƙa mata bandeji da bokitin ruwa. Gajeriya ce, ga faɗa, amma idan ta naɗe maka karaya ko likita sai dai ya duba ya gyaɗa kai.

Ita ta koya mini karanta karaya. Namiji zai shigo da bayan hannu a kumbure, daidai gindin ƙaramin yatsa, ya ce bango ya buga. Karayar mace kuwa tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu take, wurin da mutum ke ɗagawa ya kare fuska, ta ce a bayi ta zame.

"Wannan bayi mata kawai yake kayarwa," in ji Inna.

Ba wai mata waliyyai ba ne. Mun ga kunnen da mace ta ciza, mun ga ƙunar ruwan zafi. Amma kafin ka ga ɗaya irin wannan ka ga goma na wancan. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne mazan da ke shigowa suna yaƙe haƙora kamar sun ci gasa. Tir!

Wata Talata da hantsi sai ga autan Inna, direban babbar mota, yana tallafe da hannun dama. Kallo ɗaya na yi wa kumburin gindin ƙaramin yatsansa na sunkuyar da kai.

"Inna, ƙofar mota ce ta datse ni."

Ta juya hannun sama da ƙasa. "Ina matarka?"

"Tana gida, lafiyarta ƙalau."

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta fita. Bayan awa guda ta dawo riƙe da surukarta, yarinyar ta rungume hannun hagu a ƙirji, leɓe a fashe. Autan yana zaune a benci, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wallahi ji na yi kamar in juye masa bokitin a ka.

Likita ya ɗauki biro ya tambayi yarinyar abin da ya same ta. Ta buɗe baki za ta ce ta zame, Inna ta riga ta.

"Mijinta ne ya doke ta. Ga shi can. Ɗana ne, rubuta."

Autan ya miƙe zumbur. "Haba Inna! A gaban mutane? Ke fa kika haife ni!"

"Shi ya sa nake jin amai."

Ta ɗora wa yarinyar a hankali, tana yi mata sannu. Da aka kira shi sai ta wanke hannu, ta miƙo mini bandejin.

"Yi masa ke. Ni na koya wa hannun nan riƙe cokali, ba zan gyara shi ya koma aiki ba."

Na yi masa, kuma Allah Ya sani ban tausaya ba.

Takardar likitan ce ta raba auren. 'Yan'uwa suka ce Inna ta tona asirin jininta, wasu har gaisuwa suka daina. Yarinyar tana ɗakin Inna har yau, tana koyon ɗinki. Shi kuwa shekara uku ke nan bai tako gidan ba. Ranar da Inna ta yi ritaya muka jera kujerun walima, aka bar wa autan ɗaya a kusa da ita, har aka tashi babu wanda ya zauna a kai.