Wanda Ya Aurar da Mangwaron Bayan Rijiya

Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin babana ya ce ilimin ya isa haka, don haka Faransanci da yatsa nake karanta shi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da wannan yatsan na karanta wasiƙar da ta ɓata mini mako guda cur, a shekarata ta biyu a unguwar Château Rouge, can ƙasar Turawa, wajen surukina mai sayar da atamfa.

Wasiƙar Madam ce, matar Baturen da muka yi wa aiki a gonarsa kusa da Maraɗi kafin mulkin kai. Ni ne mai garka, wato mai kula da lambu, taubashina kuma kuku. Mushe, mijin nata, ya rasu, ita ta koma ƙasarsu, birnin Lyon, kowace sabuwar shekara sai ta rubuto labarin gida: jikarta ta haihu, ɗanta ya rabu da matarsa, gwiwa ta matsa mata. Taubashina take aiko wa, can unguwar La Courneuve gidan ɗansa, shi ya ba ni in karanta. Ni sai a ƙasan takarda, bayan labarin karen da ya mutu, a ce a gaida mai garka. Wannan na haƙura. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne inda ta ce har yau tana mafarkin mangwaron bayan rijiya, wanda kuku ya aurar.

Kuku fa. Mutumin da bai taɓa ganin albasa ba sai a kwando. Ni na yanko reshen mai zaƙi, na tsaga uwar, na haɗa su, na ɗaure da zare na shafe da kakin zuma, na yi kwana arba'in ina faɗa da awaki. Shi nasa ya yanka a faranti ya kai tebur yana washe baki.

Na ce ya rubuta mata ya gyara.

Ya ce, "Haba tsoho, matar da ta kai tamanin za ka ƙaryata? Wanda ya kawo mata shi ta gani."

Na ce, "To tashi mu je Lyon, ni ma ta gan ni."

Ƙarshen sanyi muka hau jirgin ƙasa. Ta tarbe shi da sumba a kumatu biyu, ni ta ba ni hannu. Bayan kofi ta ɗauko wani kwali cike da wasiƙun da Mushe ke aika wa uwarsa daga gona, ta sa tabarau ta fara karanto mana. Saniya ta haihu. Fara ta sauka a gyaɗa. Yarinya ta fitar da haƙori. Kuku ya iya gasa burodi, kuku ya yi zazzaɓi, kuku ya yi aure an yanka rago. Ina zaune ina jiran layina kamar mai jiran likita. Da ya zo, sau ɗaya ne: mai garka ya bar ƙofa buɗe, jaki ya cinye ganyen salati. Taubashina ya yi dariya har da tari. Mangwaron kuwa cewa kawai aka yi ya kama, sai ka ce da kansa ya je neman aure.

Can ta ce akwai itacen tuffa bayan gida mai ƴaƴa masu tsami, maƙwabci ya ba ta reshe mai kyau, ta rasa mai haɗa mata. Na gode wa Allah a zuciyata. Muka fita, ta miƙa wa kuku wuƙa. Ya riƙe ta yadda ake riƙe ta yankan nama, ya zagaya itacen sau biyu, ya dube ni ta gefen ido.

"Madam, hannuna rawa yake yanzu. Bari wannan ya gwada."

Ya gwada, in ji shi. Na karɓa, na wasa ta a dutsen bakin ƙofa. Hannu bai manta ba. Na fiƙe reshen, na tsaga, na zura har ɓawo ya sadu da ɓawo, na ɗaure tamau. Madam ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. Na gyara hula, na tsaya inda za ta gan ni sosai.

Ta ɗago ta dafa kafaɗar taubashina ta ce, "Ka koya masa da kyau."

Shi kuwa ya sunkuyar da kai, irin na mutumin da ba ya son yabo.

A jirgi ya ce, "To ka gani, ai ta yaba aikinka." Kwalbar zuma ɗaya Madam ta bayar, shi ta miƙa wa. Na ce ya kawo in riƙe masa, tunda hannunsa rawa yake. Ni na shanye ta da koko, cokali ɗaya kowace safiya.