Malama Saude da yaron da na ɓoye a bayan rumbu

Ku faɗa mini: mene ne bai fi kamu biyu ba, ba shi da baki, amma in ya yi magana a ƙauyenmu sai a ji a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba?

Ku riƙe amsarku tukuna.

Da safen nan ina tankaɗe aka bugo mini waya daga Bagwai, wai Malama Saude ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu garin yana nan cikin rariya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji ce, masu kula da yaran da tamowa ta kama. Mun haɗu a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Mazanmu suka je Dawanau sayen hatsi, suka dawo da buhu a ninke a hammata.

Sai mai unguwa ya sa aka yi shela, baƙi za su zo daga birni duba yara. To mu nan, in baƙo zai zo, shara ake yi, a aro tabarma, a fito da abin da ya fi kyau. Kowace mace ta wanke ɗanta mai kumatu, ta shafe shi da mai, ta sa masa kwalli. Ramammu kuwa aka tura su ƙuryar ɗaki. Wa yake so a ce a gidansa ba a ci?

Ni ce uwar wannan aiki, ba zan yi ƙarya ba. Jikana Habu, angona, yana shekara biyu, damtsensa kamar sillen kara. Na kai shi bayan rumbu na shimfiɗa masa zani, na aro wani ɗan lukuti a maƙwabta, na goya shi na fito ina taƙama.

Baƙin suka zo, har da Saude, suka auna yaran, suka rubuta, suka tafi. Muka ce mun fita kunya.

Bayan sati uku motar abincin yara ta bi ta hanyarmu. Ba ta tsaya ba.

Ran kasuwa sai ga Saude ita kaɗai a kan acaɓa. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta ce, "Inna, yaron da kika goya ran nan, me ya sa yake ta miƙa wa wata hannu?" Na ce ai yaran zamani ba su da kara. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce tun ranar ta ji wani ɗan kuka ta bayan rumbu, ya hana ta sukuni.

Na ɗauko Habu. Ta zaro ɗan tef ɗin nan mai kore da ɗorawa da ja, ta zagaya damtsensa. Ya tsaya a kan ja, alamar tamowa ta yi tsanani.

A nan ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ta ce a birni ƙungiyoyin suna zama mitin ne su raba aiki, wannan ta ɗauki ruwa, wannan magani, wannan abincin yara, don kar biyu su cunkushe a gari ɗaya wani garin ba kowa. Abin da aka auna shi ake haɗawa a aika wa masu ba da kuɗi a ƙasashen waje, su zuba a tukunya ɗaya, a raba bisa takarda. Na ce to ai gayya ce. Ta ce gayya ce, amma masu gayyar ba sa ganin gonar, takarda kawai suke gani, kuma takardarmu ta ce mun ƙoshi.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da na yi abin don gudun kunya.

A kan cinyarta ta ɗauki Habu zuwa wurin jinyarsu na Bagwai, ina biye a wani acaɓar ina salati. Daga baya na ji ta miƙe a mitin ɗinsu ta ce awonsu na farko kuskure ne, a sake. An riga an gama rabo, ba a ji daɗinta ba, amma ta kafe.

Da masu awon suka dawo, ni da na ɓoye ni na zama mai tonawa. Gida gida na bi, ina ɗaga labule, ina zaƙulo yara daga bayan gado. Akwai waɗanda har yau suna gaishe ni da gefen baki.

Ƙullin gyaɗar nan da suke bayarwa shi ya tashi Habu. Yanzu yana aji biyu, in ya zauna gaban tuwo sai na ce zan sake shi in nemi miji mai ƙaramin ciki.

Saude ce ta sayo mini tabarau. Ita ta buɗe mini shafin nan a waya, ta ce bakina ya fi ƙarfin tsakar gida ɗaya. Kullum sai ta ce ɗanwakena ya yi kanwa, kullum sai ta siɗe kwano.

Ganinmu na ƙarshe bara ne da kaka. Ta zo ba mota, ba rigar aiki. Ta ce masu bayarwa sun rage hannu, yaƙi da ambaliya a wasu ƙasashe sun ja rabonsu, an rufe wurinsu na Bagwai. Ta damƙa mini tef ɗin ta ce, "Inna, ko mota ba ta zuwa, kar a sake ɓoye su. Ki auna ki turo mini. Duk mitin ɗin da na samu shiga, zan karanta."

Duk Juma'a nake aunawa in tura. Juma'a biyu da suka wuce ba ta amsa ba. Na aika mata murya na ce ta samu duniya ta manta da tsohuwa. Ashe tana gadon asibiti. Ban sani ba ko ta ji. Ina fata ta ji, ta yi dariyar nan tata.

Jiya na auna. Yara uku a kan ja. Sunayensu na cikin wayata, ban san wa zan tura wa ba. In akwai abokin aikinta da ke karanta wannan, ya yi mini magana. Ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan Saude, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya ciyar da 'ya'yanta kamar yadda ta ciyar da namu. Ku kuma kar ku danna hoton kuka ku wuce, ku karanta mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.

Amsar, tef ɗin awon damtse ne. Yana cikin kwallata, a naɗe a tsumma.