Direban Gawa da Ya San Masu Rai

Ƙarfe shida na safe Ozell Tarver yake fito da bokiti da tsumma ya wanke doguwar baƙar motar, ko akwai jana'iza ko babu. Yana farawa daga rufi, ya gangaro kan gilasai, ya ƙare da tayoyi. Sai ya zauna a kan benci da kofi da ɗan burodin masara, yana ɗaga wa masu wucewa hannu. Wasu kan kau da kai, don ba kowa ke son direban motar gawa ya gaishe shi da sassafe ba. Shekara sittin yana wannan aiki a gidan shirya gawa na baƙaƙen fatar garinmu, nan Alabama, kuma a watan jiya ya ajiye.

Ni da ke wannan rubutu aji uku na yi a makaranta. Sauran karatuna a bayan sitiyarin tirela na yi shi, kuma hanya ta koya mini cewa mai lasifika daban, mai aiki daban. Kowane watan Maris manyan baƙi kan zo mu yi tattakin tunawa da gwagwarmayar 'yanci. A yi jawabi, a ɗauki hoto, kafin a gama kwashe kujeru sun kama hanyar filin jirgi. Ozell yana can ƙarshen layi yana bi a hankali, da jarkar ruwa da kujerun naɗewa, saboda tsofaffin da gwiwa za ta ci amanarsu. Ban taɓa jin an kira sunansa a lasifika ba.

A 1965 yana ɗan shekara ashirin. Ranar da ake buɗe rajistar masu zaɓe, 'yan sanda kan tare hanyar shiga gari, duk motar da ta ɗauko baƙar fata a juya ta. To, a nan Alabama ko mugu yakan ba gawa hanya: ya gangara gefen titi, ya cire hula har a wuce. Ozell ya jera motoci bakwai a bayan tasa, kowacce da fitila a kunne, ya saka akwatin gawa babu kowa a ciki, mata suka sha baƙaƙen kaya.

Ɗan sandan da ke shingen ya leƙo ta taga. "Wa ya mutu, yaro?"

"Wani tsoho ne, yallaɓai. Ya daɗe yana jin jiki."

A motar baya akwai Ardella Mims, matar wani mai noman auduga a gonar haya. Ta rushe da kuka har da bugun ƙirji, ɗan sandan ya ji kunya ya cire hula, aka janye shinge. Mutum talatin da ɗaya suka isa ofishin gunduma. Biyu kawai aka yi wa rajista. Masu gonakin haya suka kori iyalai uku saboda wannan tafiya, shi kuma Ozell bayan mako guda aka tare shi a gidan mai aka zubar masa da haƙora biyu. Idan an tambaye shi yakan ce, "Na gefe ne, ba su hana ni cin masara ba."

Amma ba don wannan ranar kaɗai nake jinjina masa ba. Jarumtar yini ɗaya da yawa sun yi ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na kowane watan Agusta. A lokacin ne ofishin zaɓe ke liƙa wa allo jerin sunayen masu zaɓe da aka soke, wai sun mutu ko sun tashi. Babu mai zuwa dubawa sai Ozell. Zai tsaya gaban allon da yatsa yana bi. "Wannan na kai shi makabarta, ana ruwan sama. Wannan ma na kai ta. Wannan kuwa ban ɗauke shi ba, jiya na gan shi yana kamun kifi." Sai ya je ya ɗauko mutumin ya tsayar da shi gaban akawu. Da can da kulki ake hana mu, yanzu da takarda ne, kuma takarda ba ta barin tabo da za ka nuna wa jikoki.

Kai ne, Ozell, ka san kowace ƙofa a gundumar nan, don babu gidan da ba ka fito da wani daga cikinsa ba. Kai ne ba ka taɓa tambayar wanda ka ɗauko wa zai zaɓa ba.

Bana abubuwa biyu suka haɗu. Aka gwada idonsa aka ƙi sabunta masa lasin tuƙi. Sannan da ya je gaban allon, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, ya tarar da sunan Ardella Mims cikin matattu. Shekararta casa'in da huɗu, tun 1966 ba ta taɓa fashin zaɓe ba. An aika kati tsohon gidanta da ya rushe, katin ya dawo, wani ya ja layi. Akawun, wata yarinya mai ladabi, ta ce ko dai tsohuwar ta zo da kanta kafin Juma'a, ko a bi hanyar takardu, wadda ba za ta ƙare ba sai bayan zaɓe. Ardella kuwa tana kwance a gidan 'yarta da karayar ƙugu, ba ta iya zama. Mota ɗaya ce a garin da za a iya shigar da mutum a kwance ba tare da dogon turanci ba, wato motar gawa.

Ozell ya same ni a shagon aski. "Cleophus, lasinka na da rai?"

"Ya fi ni lafiya."

"To tashi. Ka taka min burki kamar na tirela, ni zan binne ka da hannuna."

Da muka faɗa wa Ardella, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan'uwa Ozell, shekara nawa kana jira na, yau haƙurinka ya ƙare?"

"'Yar'uwa Ardella, ai gwamnati ta riga ni. A takarda kin mutu tun watan Yuni."

"Na mutu? Wa ya yi wa'azi?"

"Babu."

"Ko waƙa ɗaya ba a yi min ba? Vernice, ɗauko min hular cocina!"

'Yar tata, Vernice, ta tsaya a ƙofa idonta ya kawo ruwa. "Mama, mil ashirin da biyu ne, hanyar duk ramuka. Likita ya ce kada ki motsa. Ƙuri'a ɗaya me za ta canza?"

Tsohuwar ta ce, "Ban sani ba ko za ta canza wani abu. Amma tawa ce, kuma ba su tambaye ni ba."

Muka shimfiɗa katifa da filo huɗu. Karo na farko a rayuwarsa Ozell ya zauna a kujerar mai zaman banza, kuma bai bar ni na sha iska ba. Ido ba ya gani sosai, amma ramukan duk suna kansa. "Hagu. Rage. Bayan gadar nan akwai wani, ka bi ta gefen dama." Tafiyar rabin awa muka yi ta a awa ɗaya da kwata, tsohuwa tana cije leɓe.

Da akawun ta fito ta ga motar, ta dafe ƙirji. Ozell ya buɗe ƙofar baya a nutse, kamar yadda ya saba. Ardella ta ɗago kai, hula a karkace.

"'Yan mata, ke ce kika kashe ni?"

"Wayyo, Mama, ba ni ba ce, na'ura ce!"

"To je ki gaya wa na'urar na dawo."

A kan murfin motar aka cike takardar. A watan Nuwamba ta yi zaɓenta.

Mun gode, Ozell Tarver. Mun gode da tafiyar hawainiya da ka yi da iyayenmu zuwa makwancinsu, da taurin kan da ka yi a kan waɗanda ba su kai ga tafiya ba. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ku kuma masu sayen riga mai rubutu ku zo tattaki, ku zo, muna maraba. Amma jerin nan zai sake fitowa a watan Agusta, da ƙananan baƙaƙe, a allon da ke bayan matakala. Shi ba zai iya karanta shi ba kuma. A samu wanda zai tsaya kusa da shi ya karanta da ƙarfi, suna bayan suna, ya saurari abin da tsohon zai ce, tun yana nan.