Tiyo yadi saba'in

Shekarun baya, ina shekarar farko a makaranta a unguwar Kongo, rijiyar gidanmu da ke Ƙofar Jatau ta rufta da damina. Mahaifiyata ce ta fi kowa shan wuya, ga ciwon gwiwa, ga jigilar bokiti daga gidan maƙwabta safe da yamma.

Wani Alhaji da ke ƙetaren kududdufin bayan gidanmu ya haƙa burtsatse, ya ce mu ja ruwa kyauta. Idan tiyo ya bi lungu babura za su tattake shi, dole sai dai ya ratsa kududdufin. To yadi nawa za a sayo? Mai shago ba ya karɓar abin da ya yanka, mahaifina kuma ya ce saye ɗaya zai iya. Yayana kuwa ya rantse sau ɗaya zai shiga ruwan nan mai wari, ranar jan tiyo, ba don awo ba.

Ni kuma a makon aka koya mana ƙa'idar kosain ta lissafin kusurwa, kaina yana ta hayaƙi. Na ce, "Baba, zan auna ba tare da na jiƙa ƙafa ba."

Yayana ya kwashe da dariya. "'Yar boko za ta yi mana duba!"

Akwai wani rimi a bakin kududdufin, daga gindinsa ana hango katangarmu da famfon Alhaji. Na auna da igiyar guga: zuwa katangarmu yadi hamsin, zuwa famfo tamanin. Na miƙe igiya biyu a ƙasa, na ɗora ma'aunin kusurwa, ya nuna digiri sittin. Sauran aikin takarda ne. Hamsin sau hamsin, a haɗa da tamanin sau tamanin, dubu takwas da ɗari tara. Kosain ɗin sittin rabi ne, don haka abin cirewa hamsin sau tamanin ne kawai, dubu huɗu. Saura dubu huɗu da ɗari tara, wato saba'in sau saba'in. Da gudu na shiga gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

Mahaifina malami ne mai rabon gado, ba a yi masa wasa da lissafi. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya zana kusurwar a ƙasa, ya auna gaɓa biyar nan, takwas can, sannan ya auna tsakani. Bakwai! Ya sake aunawa, ya ɗago ya dube ni. "Ikon Allah! Saba'in ɗin, ko a ƙara?"

Nan girman kai ya kwashe ni. Na ce, "Cif, Baba. Lissafi ba ya ƙarya."

Ranar jan tiyo rabin unguwa ta fito kallo. Yayana yana cikin ruwa har ƙugu, yana kafa gwafanni yana tsine wa boko. Tiyo ya taho, ya taho, ya leƙo ta rariyar katanga kamar kan ƙadangare, ya tsaya. Zuwa katanga na auna, na manta randar mahaifiyata tana can bakin madafa, taku goma sha.

Na tsaya hawaye na shirin zubowa. Mahaifiyata ta nufi madafa. Ta kama bakin randar ta mirgino ta a hankali, tana ɗingishi, har gindin katanga. Aka buɗe famfo, tiyon ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓarke. Guɗar da ta rangaɗa sai da aka ji ta a gidan Alhaji.

Yau ni ke koyar da wannan ƙa'idar, kuma nakan gaya wa ɗalibaina su fara tambayar inda ruwa zai zuba kafin su ɗauki biro. Har yanzu nakan ji kunyar "cif" ɗin nan, amma daɗin ya fi yawa. Da na ba mahaifiyata haƙuri a ranar, cewa ta yi, "Haƙurin me? Ke kin tsallako da ruwa kududdufi guda, ni zan kasa tsallaka tsakar gida?"