Muryar Baba da magariba

Babanmu ladanin masallacin unguwarmu ne a Sakkwato, zamanin soja, lokacin da kuɗin fetur suka sa kowa na yi wa kowa kallon biyu-biyu. Da asuba muryarsa garau take. Amma la'asar na yi sai fatar idonsa na hagu ta fara saukowa, kafin magariba harshe ya yi nauyi, kiran salla ya fito a lauye kamar na mai maye.

Mutane kuwa bakinsu ba ya azumi. Wani ya ce ya gan shi a Sabon Gari. To, can yake sayen batirin lasifika. Dattawan masallaci suka karɓe kiran magariba suka ba wani. Har Inna, Allah ya jiƙanta, na taɓa tarar da ita tana shinshina rigarsa a bayan ƙyaure. Wannan ya ƙona mini rai.

Mu kuma da wayonmu, kullum sammako muke yi da shi asibiti don mu riga layi. Likita ya ga mutum ras, ya sallame mu. Sai ranar da layi ya kai mu yamma, idon ya sauko a gabansa. Likitan ya ce yana zaton wani abu ne cikin jini ke tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka, jiki na yaƙar kansa. Zai ɗibi jini ya aika ƙasar waje, don can kaɗai ake gwajin.

Baffa, yayan Baba, ya ɓata fuska. "Jinin mutum cikin kwalba har ƙetare? Wa as san abin da za su yi da shi?"

Baba ya naɗe hannun riga. "Yaya, bari shi ɗiba. Mutuncina na nika biɗa."

An daɗe kafin sakamako ya iso, kuma an samu abin a jinin. Likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya, murya ta dawo har isha'i. Baffa ya bi dattawa ɗaya-ɗaya yana bayani, suna gyaɗa kai.

Ranar da suka mayar masa da magariba, ya yi kira tangararan. Bayan salla liman ya riƙe hannunsa a gaban jama'a ya ce, "Malam, mun gode Allah da kat tuba."

Baba ya dube shi da idanu biyu a buɗe. Washegari ya aika musu da makullin ɗakin lasifika.