Abin da Kawu Tela Ya Yanke

Shekara ashirin da biyu Kawu Tela ya yi a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da katifa. Ba shi da yawan magana. Kullum akwai allura a gefen bakinsa, har dangi na yi masa tsiya wai ita ta ɗinke bakin. Abu ɗaya aka san shi da shi: in ya ɗinka wa yaro kaya, sai ya bar yadi yatsa huɗu a kalmashe daga ciki. Wurin girma yake kiransa. In uwar yaro ta yi ƙorafin kauri, sai ya ce, "Hajiya, yaron nan ba tsayawa zai yi ya jira ki ba. Baɗi ki kawo a saki."

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, bayan shekara tara ana jira. Malama ake ce mata, don takan jera kwarkwaron zare a kan benci ta yi musu darasi, wanda ya gangara ta ce ya gudu daga aji. Tana shekara bakwai zazzaɓi ya kama ta ya ƙi saki. Aka yi gwaji, aka sake, likita ya ce sankarar jini ce.

Daga nan gida ya tashi daga gida. Uwarta ta tare a ɗakin yara na asibiti da bokiti da tabarma, shi kuma ya raba yininsa tsakanin shago da bakin gadon. Dangi suka yi tururuwa a watan farko. A na biyu sai waya. A na uku sai dai a aiko da gaisuwa. Duk bayan sati uku a ɗaura wa Malama ruwan magani, ta yi amai har ta rasa abin amayarwa. Gashi ya zube, jiki ya zube, rigunanta suka koma kamar na aro. Kawu ya riƙa kai su shago yana ragewa, yana ƙara tura yadin ciki, har ɗinkin gefe ya yi kauri kamar igiya.

Wata rana da rana, uwar ta tafi layin karɓar magani, Malama ta yafito shi.

"Baba, ɗinkinka yana cizo."

Ta ɗaga hannu. Daga hammata zuwa ƙugu fatar ta yi jawur, wani wurin har ya saɓule.

"Kar ka gaya wa Mama. Banɗaki za ta shiga ta buɗe famfo, wai don kar in ji kukanta."

A ranar ya kwashe rigunan biyar. Ya farke, ya sa alli, ya bi da almakashi ya zubar da duk abin da ke kalmashe, ya mayar da ɗinkin lafiyau. Malama ta saka ta ce, "Yau ka ci goma bisa goma."

Kwana biyu aka yi. Uwar Malama matar tela ce, ta san cikin riga kamar tafin hannunta. Tana wanki a bayan ɗakin ta juya ɗaya, ta juya ta biyu. Da ya iso da yamma, a baranda ta tare shi, hannunta duk kumfa.

"Baban Malama, ina wurin girman?"

Ya ajiye ledar da ya zo da ita.

"Da kai nake. 'Ya'yan mutane ka bar musu yatsa huɗu, taka ka yanke?"

Ya so ya riƙe amanar yarinyar, amma ya ga idon matarsa. Ya ce, "Cin ta yake yi. Fatarta ta saɓule. Ita ta ce kar in faɗa miki."

Ya zaci za ta sauko. Sai ta yi wata dariya marar daɗi.

"To ba sai ka yi wa rigar shafi mai laushi ba? Ba sai ka juya kalmasar waje ba? Hanya nawa ka sani, kai da ake kawo wa aiki daga unguwa uku? Gaya mini gaskiya, da ka ɗauki almakashin, hannunka ya tsaya?"

Shafin bai zo masa a rai ba sam. Ya tuna yadda almakashin ya bi yadin sumul, yadda ya share ƙyallayen da ƙafa ya tura ƙarƙashin tebur kamar na kowane aiki. Bakinsa kullum cewa yake za ta tashi. Hannunsa kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin, bai ko shawarce shi ba.

"Bai tsaya ba," in ji shi.

Ta ɗauraye hannunta, ta ce, "To, ka gama yi mata ɗinki."

Washegari ta sayi yadi ta kai wa telan da ke tsallaken titi, wanda Kawu ya sha cewa ko buhu bai iya haɗawa ba. Ta ce a yi babba, a bar wuri sosai. Aka yi.

Ba su rabu ba. Har yanzu yana zuwa kullum da yamma, ya ajiye leda, ya zauna a kujerar roba daga ƙafar gado. Takan amsa sallamarsa, ta gaya masa abin da likita ya ce, shi ke nan. Ranar ɗaurin ruwa na biyar, Malama ta sa sabuwar rigar, mai kalmasa kamar gammo. Uwar ta gyara mata wuya ta ce, "Kin ga, har sakandare za ki kai ta."

"Ta yi kyau, Mama," in ji Malama.

Ta kwanta a hankali, hannuwanta a ɗage kaɗan don kada su taɓa gefen jikinta. Kawu ya gani. Ya buɗe baki, yarinyar ta girgiza masa kai, ya rufe.