Sannu Ba Ta Ɗaga Ƙafa

'Ya'yana ne suka so ƙarasa gurgunta ni, ba ciwon ba. Da hannun hagu nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na koya a ajin manya bayan na aurar da autata, kuma ba zan goge ba.

Da ɓarin jikina na dama ya shanye, matar da ke yi mini gashin ƙashi a asibitin Kazaure ta ja kunnena. Ta ce, "Mama, kullum ki taka ƙafar nan ko tana ja. In ta sandare, shi ke nan."

Muka koma Roni. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya shimfiɗa mini katifa a rumfa ya ɗora ni kamar buhun gero. In na miƙa hannu wajen buta, matarsa ta riga ni. In na yi tari, mutum uku sun taso. 'Yan dubiya kuwa har daga Gwiwa, kowa da kwanon furarsa. Sannu Inna, sannu Inna. Na sha sannu har ta ginshe ni, yatsuna suna ta nannaɗewa kamar ƙafar dafaffiyar kaza.

Wata rana da hantsi na faki idonsu, na dafa bango na miƙe. Ina cikin jan ƙafa sai ga ƙanwar mijina daga Babura ta yi sallama.

"Innalillahi! Yaya, da 'ya'yanki a raye?"

Na ce, "Su da ransu, ni ma da nawa."

Ba ta ko ajiye mayafi ba ta wanke ɗana tas. Da ta tafi ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Inna, ki rufa mana asiri. Cewa za a yi a gari mun bar ki kina wahala."

"Garin ne zai riƙa kai ni bayi?"

Ya sosa ƙeya. Yaron kirki ne, matsalar ke nan.

Na ga muddin ina ɓoyewa, duk baƙon da ya shigo sai an maida ni katifa. Gara a yi gulmar gaba ɗaya a huta.

Washegari, daidai lokacin da mutane ke wucewa gona, na ɗauki sandar korar awaki, na ja ƙafata ta cikin zaure, na fita ƙofar gida.